Don Allah me za mu kira "triage" da Hausa? Gobe zan miƙa aiki

Mai_Fassara: Salamu alaikum. Ina fassara darasin horar da likitocin soja kan harin ƙwayoyin cuta. Killacewa da kayan kariya duk sun zauna, "triage" ce ta tsaya min a wuya. Majinyata sun yi yawa, hannu ya yi kaɗan, sai a duba wa za a fara da shi: ja ga wanda ke bakin mutuwa amma zai iya tsira, rawaya ga mai iya jira, kore ga mai tafiya da ƙafarsa, baƙi ga wanda ba a sa ran zai tashi.

Malam Gambo: Tantancewa. Ta ishe ki.

Nas Ladi: Malam, tantancewa ta gaji, har 'yan takara tantance su ake yi. Kuma a nan aikin biyu ne. Ba kamar bam ba ne da ake kwaso masu rauni lokaci guda. Mutane sai bayan kwanaki suke zuwa, da zazzaɓi da tari, ka ce mura ce. Dole a ware mai yaɗa cuta. Antiraks, ƙwayar cutar nan da aka tura cikin wasiƙu a Amurka a 2001, ya kashe mutum 5, ba ya bi daga mutum zuwa mutum, amma agana da Ebola suna bi. Ni dai "rarrabe majinyata bisa gaggawa".

Sarkin_Zance: Wannan ai jimla ce, ba kalma ba. Rairaya! Rairayar majinyata. Hausa tsantsa, kuma na daɗe ina faɗa.

Nas Ladi: Ranka ya daɗe, abin da aka rairaye tsakuwarsa zubar da ita ake yi. Wane majinyacin ne tsakuwar?

Ɗan Boko: Ku rubuta "tiriyaj" a wuce wurin. Ingilishi ma daga Faransanci ya aro ta. Larrey, likitan rundunar Napoleon sarkin Faransa, shi ya yi fice wajen fara duba mafi munin rauni ba tare da kallon muƙami ba.

Sarkin_Zance: Ga irinta nan. Kullum aro, sai ka ce harshenmu maraya ne.

Ɗan Boko: To Baba, soja da likita da asibiti fa, a ina aka haife su?

Sarkin_Zance: Waɗancan sun tsufa a gidan, ɗana. Ba su ba ka izinin kwaso wasu ba.

Malam Gambo: Baiwar Allah na da aiki gobe, ku kuna gardamar gado.

Mai_Fassara: Na gode. Zan sa "rarrabe majinyata bisa gaggawa", in ambaci tiriyaj sau ɗaya a farko, tunda shi sojojin za su ji a bakin masu horar da su. Ware masu yaɗa cuta zai zo daban, kamar yadda Anti Ladi ta ce.

Sarkin_Zance: A yi haka ɗin. Amma a filin daga babu mai lokacin furta kalma huɗu, za ku neme ni.