Neman afuwar gwamna ga fursuna: ina ake kai takarda?

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu ilimin shari'a, musamman lauyoyinmu na Zariya, ina neman haske.

Kawuna yana gidan gyaran hali, kotun jiha ce ta yanke masa hukunci kan rikicin gona. Ya ci fiye da rabin wa'adinsa, ga tsufa, ga ciwon suga da ya fara taɓa masa ido. Muna so mu nema masa afuwa.

Abin da na sani shi ne sashe na 212 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba gwamna ikon yin afuwa kan laifin da ya saɓa dokar jiha, bayan ya shawarci kwamitin afuwa na jihar. In laifin na dokar tarayya ne, sai shugaban ƙasa, a sashe na 175. To a nan muka maƙale. Wani ya ce mu kai takarda ma'aikatar shari'a a Kaduna, wani ya ce sam, sai shugaban gidan yarin ya sa sunansa da shaidar kyawun hali. Amma ai jami'an gidan ma'aikatan tarayya ne, ko da yake gyaran kundin tsarin mulki na 2023 ya ba jihohi damar kafa nasu gidajen yarin. Wani dillali a Tudun Wada har kuɗi ya nema, ban yarda da shi ba.

Shin iyali na iya rubutawa da kansu, ko dole sai lauya? Kuma takardar likitan waje za ta karɓu, ko sai ta likitan gidan?