Konfiles hatsi ne ko ba hatsi ba ne?

Baban Nana: Salamu alaikum jama'a. Raina a ɓace yake. Watan jiya likita ya auna ni, ya ce sukari ya hau, in rage tuwo da shinkafa da burodi. Na bar kokon safe. Wani mai butiki ya ce in koma konfiles, wai ba shi da nauyi. Kwali uku na shanye da madara. Jiya ɗiyata ta juya kwalin ta karanta mini: cikin giram 100, wajen 84 sitaci ne da sukari, furotin 7 kacal. Ashe hatsi aka gasa aka saida mini da tsada! Ku gaya wa duk mai ciwon sukari a gidanku.

Hajiya ta Mokoyo: Allah ya ba ka lafiya. Amma gyara maganarka, masara ce. Kada ka ƙara ce mata hatsi, hatsi gero ne.

Ɗan Jibiya: Haba Hajiya. Gero, dawa, masara, maiwa, duk hatsi ne. Haka muka tashi muka ji.

Hajiya ta Mokoyo: Yaro, shiga babbar kasuwar Maraɗi ka ce a auna maka tiya guda ta hatsi, ka gani ko masara za a zuba maka.

Ɗan Jibiya: Hausa ba a Maraɗi kaɗai ake yin ta ba.

Malam Mai Tiya: Daga Katsina kakanninmu suka taso suka kafa garin nan. Wa zai koya mana sunan abincinmu?

Anti mai jinya: Don Allah ku tsaya, mutum ba shi da lafiya. Baban Nana gaskiya ya faɗa. Awon da ake rubutawa a kwali giram 30 ne, cikinsa sitaci wajen 25, kuma wa ke zuba 30? Kwano ake cikawa, a ƙara sukari. Masu tsananta rage sitaci giram 20 zuwa 50 suke ci a yini ɗungurungum, kwano guda ya cinye rabon. Ana ƙara masa sinadarin ƙarfe da bitamin B, wannan ba ƙarya ba ne, amma yana saurin ɗaga sukarin jini fiye da kunun gero. Shi ma geron busasshe sitacinsa wajen 70 ne cikin 100. Baba, ka nemi ƙwai, awara, kwaɗon zogale da ƙuli. Kuma kada ka bar magani.

Hajiya ta Mokoyo: Ɗiyata, yanzu geron namu kike jerawa da abin kwali? Uwata ta haura tamanin, fura take damawa kullum, ba a taɓa auna ta ba.

Anti mai jinya: Hajiya, wanda ba a auna ba ai ba a san halin jininsa ba.

Hajiya ta Mokoyo: Kada ki yi wa uwata baki.

Ɗan Jibiya: Awarar da ake yabo ma, waken suyar daga wajenmu yake shigowa ta Ɗan Isa, garin bakin iyakar Nijar da Najeriya.

Malam Mai Tiya: Wake da dabbobin da kuke kwasa daga nan fa? Da aka rufe iyaka a 2023 wa ya fi kuka?

Ɗan Jibiya: Kowa ya ji a jikinsa, Malam, ni ma kayana sun kwana a hanya.

Baban Nana: Ni dai ku faɗa mini, gobe da safe in sha koko ko in bari?

Malam Mai Tiya: Tunda ni ne babba a zauren nan bari in tattara. An yarda konfiles masara ce, ba hatsi ba, kuma ita ta cuci Baban Nana. Anti da bakinta ta ce gero ya fi, 70 ai bai kai 84 ba. Na Jibiya bai kawo hujja ko guda ba. Baban Nana, koma ga kokonka, sabon hatsi ya shigo, in kana so ka aiko yaro.