Neman kalma: jakar nan da ke ɓoye a gefen kujerar mota

Mai shiri, Garwa: Salamu alaikum. Gobe da safe ina da shirin kiyaye haɗurra a rediyo, kan abin nan da ke kumburowa daga kujera idan an daki mota ta gefe. Kanikawa "erbag" suke cewa, ni kuwa har tsofaffi ke saurarona. Ku agaza.

Bakanike, Marwa: Wa alaikumus salam Hajiya. Jakar iska ta gefe, shi ke nan. Na'urar da ke cikin ƙofa ko ginshiƙin da ke tsakanin ƙofar gaba da ta baya ce ke jin dukan, ta kunna abin hurawa, jakar ta farke ɗinkin kujera ta shiga tsakanin haƙarƙari da ƙofa. Dole ta fi ta sitiyari sauri, don ta gefe babu inji da zai sha dukan kafin ya iso mutum.

Tsohon malami, Garwa: Jaka a zuba kaya ake yi. Kuma gas ne a ciki, ba iska ba. Ni na ce *garkuwar haƙarƙari*.

Ɗalibi, Njamena: Baba, to matashin kariya fa? Ai Faransawa ma matashi suka ce, wato filo.

Tsohon malami: Ka gani? Wancan ya juyo Turanci, kai ka juyo Faransanci. Hausa ba maroƙiya ba ce.

Ɗalibi: Ranka ya daɗe, mota da sitiyari wa ya ba mu? A Kano ma jakar iska nake ji.

Tsohon malami: Sai mu jira Kano ta raɗa wa abinmu suna? Da can su suka raɗa mana na kifin Binuwai?

Bakanike: Baba, garkuwa riƙe ta ake yi, wannan kuwa tana kumbura ta sace nan take. Kuma wasu har ƙugu suke karewa. Jakar da ke kare kai daban ce, daga rufi take saukowa, kamfanin Volvo ya kawo ta a 1998, bayan ta kujera da ya fara sawa a motarsa samfurin 850 a 1994. Hajiya, abin da ya fi suna muhimmanci shi ne rigar kujera. Mutum ya sayo mota daga Duwala, ya kai wa tela ya ɗinka leda mai kauri ya rufe wurin fitar jakar. A duba gefen kujera, in akwai ɗan rubutun SRS, alamar akwai jakar a ciki, kada a rufe da rigar da ba a bar mata ɗinkin farkewa ba. Yara kuma su daina kwantar da kai jikin ƙofa.

Mai shiri: Na gode Malam, wannan zai shiga shirin. Zan ce jakar iska ta gefen kujera, in bayyana cewa garkuwa ce ga haƙarƙari. Baba, ka yarda?

Tsohon malami: 'Yata, ban yarda ba, amma lokaci ya ƙure miki. Ki dai faɗi tawa sau biyu, mu ga wadda direbobi za su ɗauka.

Ɗalibi: Erbag za su ci gaba da cewa, Baba.