Dillalai da tsofaffin hotunan gida

Jiya bayan la'asar a majalisarmu ta Kofar Kaura maganar dillalai ta taso, wani abokinmu ya ga gida a WhatsApp fes da shi, fenti sabo, tayil na kyalli, ga bishiyar mangwaro a tsakar gida, da ya je sai ya tarar an sare bishiyar, silin ya yi baki da yoyo, ashe hotunan tun na tsohon mai gidan ne dillalin ya sake turawa.

Dattijon cikinmu ya ce kar ka biya ko sisi, har la'ada, sai ka taka da kafarka. In kana nesa ka ce a kira ka da bidiyo a zagaya da kai daki daki har ban daki. Ya kuma ce lokacin duba gida shi ne damina, Agusta musamman, don lokacin kwano ba ya boye sirrinshi.

Wani matashi ya ce a saka hoton a Google Lens, manhajar da ke nemo inda hoto ya taba fitowa a intanet, wani lokacin zaka ga tsohuwar tallar ta fito da kwanan wata.

An dan yi gardama kan wa ke da hoton. Ni dai ina bayan masu cewa na wanda ya dauka ne, sai an nemi izininshi kafin a sake turawa, balle in kayan dakin matarshi sun fito ciki, wannan kam abin kunya ne wallahi.

Kafin a biya kudin gida kuma, sai a tambayi makwabta da mai unguwa, a duba mita ko akwai bashin wuta.