Feshin auduga da gwajin kolinestares: wa ya taɓa shiga wannan halin?

Ɗan Maiurno:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ƙanena ne ya kwana uku a asibiti bayan ya yi wa wani feshi a hawasharsa, wato gonarsa ta auduga. Famfon da ya goya yana yoyo, magani ya jiƙa masa riga tun hantsi, shi kuwa ya ce sai ya ƙarasa. Kafin la'asar yawu na dalala, zufa kamar an kwara masa ruwa, ƙwayar idonsa ta tsuke ta koma kamar kan allura. Atirofin, maganin irin wannan gubar, aka yi ta ɗura masa har ƙirjinsa ya bar kurari. Yanzu ya miƙe yana cin kisirarsa, amma likita ya ce kolinestares na jininsa, wato sinadarin jiki da maganin feshi ke hana wa aiki, ya yi ƙasa, kada ya kusanci feshi. Shi kuma ya kafe garau yake. Wanda ya taɓa gani don Allah ya faɗa mana.

Manomin Hasahisa:
Ɗana, riƙe shi ko da zai yi fushi. Ni na yi wannan gangancin da maganin feshi malatiyon. Da na ji ƙarfi sai na koma gona, ban kai rabin tanki ba jiri ya kwashe ni a bakin tur'a, hanyar ruwan gona. Faɗuwa ta biyu ta fi ta farko muni, ga shi maganin da ya taɓa ni bai kai na farko yawa ba.

'Yar Sinnar, ma'aikaciyar ɗakin gwaji:
Baba ya faɗi gaskiya, na sha karɓar jinin irinsu. Kolinestares iri biyu muke aunawa. Akwai na ruwan jini, wanda hanta ke yi. Shi ke saurin faɗuwa, yakan kuma farfaɗo cikin makonni. Akwai na jajayen ƙwayoyin jini, irin wanda ke bakin jijiyoyi, shi kam sai jiki ya ƙera sababbin ƙwayoyi, ita kuwa ƙwaya kusan kwana 120 take rayuwa. Mutum na iya jin daidai alhali abin da ya rage masa kaɗan ne, feshi ɗaya ya ƙarasa shi.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ba wanda ke zuwa awo kafin lokacin feshi. Lambar kowa daban ce. Ciwon hanta na rage ta, juna biyu na rage ta, wani ma haka aka haife shi. In ban san lambarka ta lokacin lafiya ba, da me zan gwada ta yau? Yaya, ka adana takardar sakamakon nan, kada ta ɓata.

Inna ta Gadarif:
Mu madara muka ɗura wa nawa yaron, har muka sa masa yatsa ya yi amai. A asibiti malamar jinya ta ce saura ƙiris aman ya faɗa masa huhu. Ta ce abin yi shi ne a cire tufafin, a wanke jiki da ruwa da sabulu, a taho da galan ɗin maganin likita ya karanta. Har yau in na tuna gabana faɗuwa yake.

Ɗalibin Madani:
Allah ya ƙara lafiya. Ni a kwalba na san sinadarin nan na kolinestares. A aikin digirina mun yi amfani da na ɗan Adam, amma ba daga jinin kowa aka tace shi ba: ƙwayar gadon da ke ba da umarnin ƙera shi ake dasawa cikin ƙwayoyin halitta da ake renonsu a ɗakin bincike, su riƙa yinsa. Ɗan mitsitsi ne a gindin kwalba, cikin firiza muke ajiye shi. Muna bin hanyar Ellman ta 1961: in sinadarin na aiki, ruwan gwajin ya rikiɗe ya zama ɗorawa. Ranar da na fara ɗiga masa gubar irin wannan maganin, na tsaya ina jira, launin ya ƙi fitowa. Mahaifina na tuna, shekarunsa nawa yana goyon famfo ba safar hannu.

Inna, masana sun taɓa samar da shi a nonon awakin da aka sauya wa ƙwayar gado, amma wannan daban yake da madarar gida, ita ba ta karya gubar. Na kwalbarmu ma an rubuta a jikinsa na bincike ne kawai, ba a yi wa mutum allurarsa.

Ɗan Maiurno:
Na gode, Allah ya saka. Na karanta masa duka, ya yi shiru. Famfon na ɗaure shi a ɗakina, rigar kuma mun zubar. Likita ya ba mu ranar sake awo, ni zan kai shi da kaina, nawa jinin ma a ɗiba, tunda ni zan karɓi feshin bana.