Masu cutar siliyak, yaya kuke yi da cin abinci a waje?

Uwar Biyu: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Likita ya tabbatar wa 'yata cutar siliyak, wato ciwon da cin gulutin, wani furotin da ke cikin alkama, ke sa hanji ya lalace, bayan gwajin jini da duba ƙaramin hanji. A gida Alhamdulillahi mun daidaita, na ware mata tukunya da katakon yanka nata, kuma jininta da ya yi ƙasa ya fara dawowa. Fita ce ta gagare mu. Duk lokacin da ƙawayenta suka gayyace ta gidan abinci sai na hana, ita kuma ta shiga ɗaki ta yi shiru. Abin yana ci mini rai. Don Allah waɗanda suka daɗe da wannan lalura, ku faɗa mana yadda kuke yi.

Tsohon Kuku: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba ta lafiya. Ni ba ni da ciwon, amma na yi shekaru a kicin, bari in faɗa miki abin da ba a gani daga teburi. Kowa ya san gulutin yana cikin alkama da sha'ir da hatsin rai, kuma ba wanda zai ajiye wa yarinya burodi a gabanta da gangan. Hatsarin yana wajen haɗuwar kaya. Dankali ba shi da gulutin, amma idan a man da aka soya kazar da aka barbaɗa wa fulawa aka soya shi, to ya kwashi abin. Taliyar da aka yi da garin shinkafa ma, in aka jefa ta a ruwan da aka dafa ta alkama, ko aka tace ta a kwando ɗaya, an ɓata ta. Ga ƙarfen gashi da ake ɗumama burodi a kai sannan a ɗora nama, ga cokalin da ke yawo daga wannan tukunya zuwa waccan idan aiki ya yi zafi. Miya kuma sau da yawa da fulawa ake kaurara ta, soya sos ɗin da aka saba da shi ma da alkama ake yin sa.

Na taɓa ganin yaron kicin ya ɗauke gutsattsarin soyayyen burodi daga kan salak da hannu, ya goge bakin farantin, ya miƙa a matsayin sabo. Ba mugunta ba ce, bai sani ba ne kawai. Shi ya sa nake cewa kada ki tsaya a tambayar "me ke ciki?" Ki tambaya a ina aka soya, a wace tukunya, da wane cokali.

Yayar Kowa: 'Yar'uwa, kada ki ci gaba da hana ta, ki koya mata tambaya. Ni da ciwon na yi karatu, da shi na yi aure. Abin da nake yi shi ne in kira gidan abincin tun kafin ranar, a lokacin da babu cunkoso, in nemi manaja ko kukun kansa. Ina ce musu kai tsaye: ina da cutar da ko ɓurɓushin fulawa yana lalata mini hanji, kuna da man suya na daban? Za ku iya dafa mini nawa a wankakkiyar tukunya? Daga yadda aka amsa nake gane wurin. Wanda ya ce "bari in tambayi kicin" ya fi kwantar mini da hankali a kan wanda ya ce "ba matsala" tun ban rufe baki ba. Idan muka zauna kuma sai in sake maimaitawa ga mai kawo abinci, in faranti ya iso in sake tambaya, wannan ne nawa? Ina zaɓar abu mai sauƙi wanda ido ke iya gani, gasasshen kifi, farar shinkafa, dafaffen kayan lambu. Wurin da kowa ke ɗiba da kansa kuwa ba na kusanta sai in ni ce ta farko a layi, don cokula suna gauraya nan da nan.

Ɗalibi a Turai: Ƙarin bayani kaɗan ga masu tafiya. A ƙasashen Tarayyar Turai, tun Disambar 2014 doka ta wajabta wa gidajen abinci su bayyana abubuwa 14 da ke tayar wa mutane da lalura, hatsi mai gulutin yana cikinsu. Kuma ba a rubuta cewa abu ba shi da gulutin sai bai wuce miligiram 20 a cikin kilo ɗaya ba. Amurka ma wannan ma'auni take bi. Sai dai takardar bayanin tana faɗin abin da aka zuba ne, ba ta faɗin man da aka soya a ciki, don haka maganar Malam Kuku tana nan daram. A Italiya na fi samun sauƙi, saboda ƙungiyar masu siliyak ta ƙasar tana horar da gidajen abinci, tana kuma fitar da jerin waɗanda suka cika sharuɗɗa. Ingila ma akwai irin wannan tantancewa.

Ma'aikaciyar Jinya: Wani mai kawo abinci ya taɓa yi mini murmushi ya ce ai wannan sabon yayi ne na masu son rage ƙiba. Raina ya ɓaci, amma na yi masa bayani a hankali cewa ciwon ba sabon abu ba ne. Likitan yara Willem Dicke na ƙasar Holan ya lura yara masu wannan ciwo sun samu sauƙi lokacin da burodi ya yi wuya a yunwar 1944 zuwa 1945, ya kuma rubuta bincikensa a 1950. Kimanin mutum ɗaya cikin ɗari ke da cutar. Hajiya, ki kula da wannan: ni ko na ci gulutin ba na jin ciwon ciki sosai, amma garkuwar jiki tana nan tana cin bangon hanjin. Kada rashin amai ko gudawa ya sa ku ɗauka wuri ya yi lafiya.

Uwar Biyu: Allah ya saka muku da alheri. Malam Kuku, tambaya ɗaya: zafin mai ba ya kashe gulutin ɗin?

Tsohon Kuku: Ba ya kashewa, Hajiya. Ba ƙwayar cuta ba ce da wuta za ta kashe, furotin ne, yana nan ko man ya yi hayaƙi. Abin da ke raba shi da tukunya ko wuƙa shi ne wanki da ruwa da sabulu.

Baban Yara: Ni matata ce ke da shi, zan yi magana ta ɓangaren masu rakiya. Abin da ya fi yi mata ciwo ba yunwa ba ce, a'a, a zauna ana ta lodi ita tana riƙe da kofin ruwa, ana cewa "ɗan taɓa mana, kaɗan ba zai yi komai ba." Wannan magana tana da nauyi a wajen mai ciwo, ko da da kyakkyawar niyya aka faɗe ta. Yanzu in za a yi taron dangi ko na wajen aiki, ni nake roƙon a bar ta ta zaɓi wurin. Sau da yawa kuma irin nata nake oda, don kada farantinta ya fita daban, kuma in ta so ta ɗanɗana nawa ba fargaba. Kwandon burodi muna turawa can ɗaya gefen teburin. Hajiya, ki samu iyayen ƙawayen 'yar taki ki yi musu bayani, za ki sha mamakin yadda yara ke riƙe abu; wata rana su ne za su riga ta tambayar mai kawo abinci.

Yayar Kowa: Na manta ban faɗa ba. Ki rubuta mata 'yar takarda mai ɗauke da abin da ba ta ci da batun mai da tukunya, ta riƙa miƙa wa mai kawo abinci ya kai kicin, don saƙon baki yana raguwa a hanya. Ta kuma riƙa saka wani abin ci nata a jaka, saboda ranar da amsar wurin ba ta gamsar da ita ba, ta sha lemo ta yi hira da ƙawayenta ba tare da yunwa ta tilasta mata ba. Fitar farko ku je tare, ki bar ta ita ta yi tambayoyin, ke ki zauna ki saurara.