Neman shawara kan rumfar yadi don ƙofar saman jirgin ruwa

Baban Amina, Kuseri: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Jirgina yana da ɗan ɗaki a goshi wanda ƙofarsa ke kallon sama, a nan muke ajiye abinci da kayan kwana. Tun da aka shiga Maris rana take dukan murfin har katakon ya fara tsagewa, idan kuma na buɗe shi sai zafin ya sauka kai tsaye a kan kaya. Ina so in ɗinka masa rumfar yadi wadda za ta tare rana ba tare da ta hana iska shiga ba. Wane yadi kuka ga ya dace?

Malam Garba: Wa alaikumus salam. Ka nemi kanbas mai kauri, fari ko mai ruwan ƙasa, domin baƙin yadi jan zafi yake yi.

Alhaji Sani, Lagdo: Ɗan'uwa, kafin maganar launi ka fara duba zare da ɗinki. Bara na ba wani tela a Garwa aikin irin wannan rumfa, ya kawo mini ita da kyan gani, amma ashe da zaren auduga na ɗinkin riga ya haɗa ta, kuma bai ninka bakin ba. Kafin damina ta ƙare zaren ya ruɓe, yadin na nan lafiya amma ɗinkin duk ya warware. Ranar da hadari ya taso mana a tsakiyar tafki, iska ta shiga ƙarƙashinta ta yage kusurwa biyu daidai inda aka ɗaura igiya, ragowar tana ta dukan fuskar yaron da ke riƙe da gora. Saboda haka ka kai aikin wurin masu ɗinkin kujerun mota, su ne ke da babbar allura da zaren roba mai jure rana. Ka ce a ninka baki sau biyu, a ƙara ƙyalle a kowace kusurwa kafin a buga idon ƙarfe, kuma idon ya zama na tagulla, don kada tsatsa ta ci yadin. Idan kanbas ɗin na auduga ne, a jiƙa shi ya bushe kafin a yanka, domin yana tsukewa bayan ruwan farko.

Baban Amina, Kuseri: Allah ya kiyaye gaba, Alhaji. Na gode ƙwarai.

Usman, Darak: Ni dai tamfol na roba nake amfani da shi, ya fi arha kuma ruwa ba ya ratsa shi.

Malam Garba: Usman, tamfol maganin ruwa ne, amma a Afrilu da zafi ke wuce digiri 40 yana riƙe zafin a ƙarƙashinsa, sannan rana tana busar da shi ya kakkarye.

Usman, Darak: Gaskiya ne, Malam, amma farin da ka ambata ba ya mako guda a hannun masunta bai yi dauɗa ba, ga ƙurar hunturu.

Malam Garba: Dauɗa ana wanke ta. Shi ya sa ma na haɗa da mai ruwan ƙasa.

Inna Hajara: 'Ya'yana, abin da ba ku faɗa ba shi ne tazara. Kada yadin ya kwanta a kan murfin. A ɗaga shi kamar kamu ɗaya a kan sanduna, gefe guda ya fi tudu, don iska ta riƙa wucewa, ruwan sama kuma ya gangare. Sannan kada a naɗe shi yana jiƙe, zai yi fumfuna.

Alhaji Sani, Lagdo: Haka ne, Inna. A kusurwoyin kuma a haɗa igiya da robar tayar babur, tana miƙewa idan iska ta bugo maimakon ta ja yadin.

Usman, Darak: Wannan roba ita ma rana na cin ta, sai an riƙa sauyawa. Baban Amina, ka turo mana tsawo da faɗin murfin, domin a san yawan yadin da za ka saya.